Antin da ba ta da ɗaki

Ranar da na kama aiki a wani gidan renon yara a Kaduna, Hajiya mai makarantar ta zaga da ni ɗakuna huɗu: na jarirai, na masu tatata, na 'yan shekara biyu zuwa uku, sai ajin nazare. Na ce, "Hajiya, wanne ne nawa?" Ta yi dariya. "Ke ko-ta-kwana ce, 'yata. Duk inda aka rasa hannu, nan ne naki." Raina bai so ba. Da takardar shaidar malanta ta NCE a fannin ilimin ƙananan yara, a ce aikina riƙon ƙwarya idan wata ta tafi salla, ko awo, ko hutun haihuwa?

Ɗakin jarirai ne ya fara sauke mini girman kai. Yaro da ya kai wata takwas ya san fuskar da ya saba da ita, ƙyuya ta kama shi, ni kuwa kullum baƙuwa ce. Ina shiga nakan miƙa hannu in sunkuci wanda ya fi kusa, sai ya callara ƙara, sauran su amsa masa. Wata dattijuwa cikin masu reno ce ta gaji da kallona ta ce, "Zauna a tabarma, ki yi kamar ba ki gan su ba." Na zauna ina wasa da murfin kwano. Kafin minti goma sun rarrafo da kansu, ɗaya har yana jan hijabina. Wanda ya ƙi lallashi kuwa, zani da majanyi ne maganinsa. Littattafan da muka karanta ba su ambaci goyo ba, amma ban ga abin da ya kai shi ba.

A ɗakin 'yan shekara biyu na so in nuna na yi karatu. Antinsu takan sa su waƙa, su wanke hannu, sannan a buɗe kulolin abinci. Ni na ga waƙar ɓata lokaci ce, na tsallake ta. Ranar ba wanda ya ci abincin kirki, wata ma ta gantsara wa maƙwabciyarta cizo. Ashe waƙar ce agogonsu. Tun daga nan, ko ban yarda da tsarin ɗaki ba, binsa nake yi, in ina da magana in sami antin ɗakin bayan an tashi, mu biyu.

Abin da ya fi girgiza ni da hunturu ya faru, lokacin da mura ta cika makarantar. Aka kira antin masu tatata ofis, na karɓe ta a bakin ƙofa, ko minti ɗaya ba mu yi ba. Wani yaro jikinsa da zafi, ga kwalbar farasitamol a jakarsa, uwarsa ta rubuta a ba shi da azahar. Na auna, na ɗaga cokali ke nan antin ta dawo ɗaukar wayarta. "Anti, tsaya! Na ba shi yanzun nan." Maganin da ake bari aƙalla awa huɗu kafin a sake bayarwa, saura ƙiris in maimaita masa cikin rabin awa. Hannuna ya daɗe yana rawa.

Washegari na sayi ƙaramin littafi na sa a aljihu. Ba na ƙara karɓar ɗaki sai na tsayar da mai shi, ko sauri take yi: su nawa ne yau, wa ya sha magani da ƙarfe nawa, wa ake koya wa fo, wa zai zo ɗaukar wa. A ciki na rubuta wadda kunun gyaɗa ke sa wa ƙuraje, da wanda ba ya barci sai da ɗankwalin uwarsa a hannu. Wasu antocin sun ɗauka bin diddiginsu nake yi, sai da muka ɗan sha zaman doya da manja kafin su saba.

Akwai abin da har yanzu yake ɗan sosa mini rai. Ƙarshen zango iyaye kan kawo turmin atamfa ko sabulu wa antin ɗaki, ni da yawansu ko sunana ba su sani ba. Amma idan uwa ta bugo waya tana tambayar me ya sa ɗanta ya daina ci tun da aka matsar da shi ɗaki na gaba, ni Hajiya ke aika wa a kira, don ni kaɗai na san shi a ɗakunan biyu. Yanzu littafi na uku nake ciki.