Asabar a Gidan Kenwood

Yau na ajiye karatu gefe, na hau bas mai lamba 210 daga Archway zuwa gidan Kenwood, can bakin filin Hampstead a arewacin Landan. Shiga kyauta ne. Hadari ya haɗu tun safe, amma ruwa bai sauko ba sai bayan la'asar.

Ƙofar gidan arewa take kallo. Dogayen ginshiƙai huɗu ne ke ɗauke da rumfa mai kusurwa uku, irin ta gine-ginen Girkawan dauri, kan kowane ginshiƙi a naɗe kamar ƙahon rago. Aikin Robert Adam ne, ɗan Sikotland. Lord Mansfield ya sayi gidan a 1754, tsohon ginin bulo, sai a 1764 ya ɗauki Adam ya sake masa fasali. Kafin nan Adam ya zauna a Roma yana auna kangayen Rumawa, har ya je birnin Split, a ƙasar Croatia ta yau, ya zana fadar Diocletian, sarkin Rumawa.

Da na zagaya kudu na tsaya kan ciyawa, a nan na gane mutumin. Ya tarar da ɗakin renon itatuwan lemo manne a gefe guda na gidan. Bai rushe shi ba, ya gina ɗakin karatu a ɗaya gefen daidai girmansa, gidan ya zauna tsakiya kamar ma'auni. Na daɗe ina kallon hagu da dama, idona bai sami inda ya rinjaya ba.

Ɗakin karatun ne ya cinye mini wuni. Rufinsa a tanƙware yake kamar baka, shuɗi mai haske da ruwan hoda, an ƙawata shi da farin zanen filasta siriri wanda Joseph Rose ya yi, hotunan kuma na Antonio Zucchi ne. Ƙarshen ɗakin ta kowane ɓangare zagaye ne kamar rabin ƙwarya, cike da kantocin littattafai, ginshiƙai biyu sun tsaya a gabansa. Abin da ya fi burge ni, Adam bai toshe saman ginshiƙan ba, ya bar sarari, ido na wucewa ya hango lanƙwasar da ke baya. Ga madubai suna fuskantar tagogi, koren lambu na shigowa har cikin bango. A gyaran da aka kammala a 2013 an cire yawancin ruwan zinaren da na baya suka shafa, aka maido da launin asali. Ni dai a ganina sun kyauta, zinare da yawa zai danne wannan aiki mai laushi.

Hotunan da masu zane Rembrandt da Vermeer suka zana, waɗanda Lord Iveagh ya bar wa ƙasa tare da gidan a 1927, wucewa kawai na yi.

Zuciyata tana wajen Dido Belle. 'Yar ɗan 'yar'uwar Mansfield ce, uwarta baiwa ce baƙar fata, kuma a gidan nan ta girma. Mansfield ɗin shi ne alƙalin alƙalan da ya yanke hukunci a 1772 cewa ba za a fitar da wani bawa mai suna James Somerset daga Ingila da ƙarfi a kai shi a sayar ba. Na tsaya bakin tagar ɗakin karatun ina tunanin ko ita ma nan take tsayawa ta kalli tafkin da ke lambun.

Ruwa ya kama ni a tashar bas. Na iso gida ana shirin magariba.