Mu masu hawa ƙarfe don intanet ya shiga shago

A wani kafe da ke Zoo Road a Kano na fara wannan sana'a ta haɗa wa mutane intanet, zamanin da ake biyan kuɗin awa a zauna gaban kwamfuta ana jiran shafi ya buɗe. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, shi ya fara ɗora ni kan dogon ƙarfen da ake kafa eriya. Da sanyin hunturu zai tura ni sama da eriya a kafaɗa, yana ƙasa yana cewa in karkata ta gabas kaɗan, kaɗan dai, har sabis ya kama. Wata shida ban taɓa wayar faiba ba, sai kallo.

Yau kamfanina ne ke ba shaguna a Kantin Kwari da makarantu a Hotoro intanet. Wayar nan ta faiba, zaren gilashin da ke cikinta bai wuce kaurin gashin kai ba. Idan ta tsinke, sai ka fere bakin biyu, ka goge da sinadari, ka yanke daidai, sannan injin ya narka su ya haɗe. Ƙura ɗaya ta faɗa wurin, aikin ya lalace, kuma kowa ya san ƙurar Kano. Shi ya sa ba na barin yarana su yi haɗi a sarari, sai cikin mota an rufe gilashi. Haɗin da na yi da hannuna, in sha Allahu ba a dawowa kansa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu sayar da intanet ba lasisi. Dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ba da lasisi da sa ido kan gasa, kuma mun bi, mun cike takardu, muna biyan abin da aka yanka mana. Amma tun da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo Nijeriya a 2023, sai mutum ya sayi faranti ɗaya na amfanin gida, ya kafa a rufin ɗaki, ya raba wa layi guda da rabin kuɗinmu. Ba haraji, ba ofis, ba wanda za a kira in ya ɗauke.

Sai kwastoma ya zo ya ce, "Haba Alhaji, na bayan layinmu ya fi ka sauƙi." Ni da nake sayen dizal, ga masu aikin titi da ke tsinke mana waya da katafila ba ko sallama! Da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data a farkon 2025, ban ƙara ko rabin haka ba, don na san halin da 'yan kasuwa ke ciki. Ba na tsoron gasa, manyan kamfanoni ma muna gogawa da su. Ina so ne dai a tambayi kowa takardarsa kamar yadda ake tambayata.

Wani mai atamfa da ya bar ni bara ya kira makon jiya, wai a tsakiyar ciniki kuɗi suka ƙi shiga. Gobe bayan sallar asuba zan je in mayar masa da layinsa.