Cincin mai yaji don zaman adashi

Alhamis, Damagaram.

Yau zaman adashinmu ya faɗo a gidana, kuma tun jiya na ƙudura cewa ba zan yi cincin mai sukari ba, domin shayin da muke sha ya riga ya ɗauki zaƙi isasshe, abin da ya dace a ci da shi shi ne mai gishiri da ɗan yaji. Da hantsi na shiga kasuwar Dole, wadda take cika maƙil ranar Alhamis, na sayo fulawa kilo 1, da garin tattasan Diffa, da citta, da masoro, da ƙuli-ƙuli.

Kwaɓin ba shi da wahala. Na zuba gishiri da citta da masoro a cikin fulawar, na murtsuke ta da ludayi guda na man gyaɗa har ta koma kamar yashi, sannan na riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan har ta haɗu da tauri. Na rufe kwaɓin minti 20, saboda idan ba a bar shi ya saki ba, yana tsukewa duk lokacin da aka murza shi. A wurin murzawa aikin yake. Da kwalba na shimfiɗa shi falan-falan, na soke shi da cokali mai yatsu don kada ya kumbura a cikin mai, na yayyanka ƙanana. Duk wanda aka bar masa kauri, bayansa ne yake soyuwa, cikinsa kuwa ya tsaya da laushi.

Tattasan ban sa shi a kwaɓin ba, domin yana saurin ƙonewa a mai, ya yi baƙi ya kawo ɗaci. Na daka shi da ƙuli-ƙuli, na barbaɗa a kan cincin da zarar na tsame shi, lokacin da maiƙon jikinsa zai iya riƙe yajin.

Bayan la'asar mata suka taru. Maƙwabciyata, wadda take sa'ar mahaifiyata, ta ɗanɗana ta ce, "Ɗiyata, da kin ƙara tafarnuwa." Na ce, "To Inna, wani zaman zan sa," ko da yake a ganina tafarnuwa za ta danne ƙamshin masoron. Abin da ya rage na bari ya huce sarai kafin na rufe shi a roba, kuma da wannan bushewar hunturu zai kai mako bai yi sanyi ba.