Baƙin kyamara da abin da ke ƙarƙashinsa

Saura kwana uku babbar salla na yi wa maigidana aikin da bai sa ni ba. Lokacin ina yaron shago a wani ɗakin ɗaukar hoto a unguwar Zango ta Damagaram, kusa da Kasuwar Dole, aikina shara, haɗa ruwan wankin hoto da yanka hotunan katin ɗan ƙasa. Maigida na da wata baƙar kyamara Nikon FM, irin wadda aka fara fitarwa a 1977, duk kusurwoyinta sun koɗe, tagulla ta leƙo. Ni kuwa kunya take ba ni. Za mu ƙofar fadar Sarkin Damagaram ɗaukar hawa, kowa ya sha sabuwar shadda, mu kuma mu rataya abu kamar tsohuwar buta? Sai na roƙi ɗan baƙin fenti a murfin kwalba wajen wani mai fentin mota, na naɗa auduga a tsinken ashana, na bi duk inda ya koɗe na shafe.

Da safe ya ɗauke ta, ya juya, ya sake juyawa.

"Kai yaro, wa ya aike ka?"

"Maigida, gyara na yi."

"Gyaran gangar Auzinawa ke nan."

Bai ƙara ba. Fentin ne ya yi sauran faɗan. Na kamfani siriri ake fesa shi a kan ƙarfen da aka wanke tas, sannan a gasa shi ya kama. Nawa kuwa a kan gumi da maiƙon hannu ya zauna. Kafin a gama shagalin salla ya fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, wani ɗan ɓarɓashi ya faɗa ciki, muka yi watanni muna ganinsa duk sanda muka sa ido za mu ɗauki hoto.

Daga baya na lura cewa wannan koɗewar da na rufe, ita maigida ke karantawa in an kawo masa tsohuwar kyamara sayarwa. Kafin ya danna komai sai ya dubi wurin da babban yatsa ke gogawa in za a ja fim, ya dubi gefen zoben da maratayi ke kamawa, ya dubi gindi inda ake ɗaura ta bisa ƙafa uku. In koɗewar ta yi sumul, baƙin ya bi a hankali ya narke cikin ruwan tagulla, to hannu ne ya ci ta, kuma kyamarar da hannu ya ci haka ta yi aiki ba ta ba mai ita kunya ba. In kuwa ya ga lotsawa a kusurwa, ko fenti ya tsage da kaifi, ya san ta sha ƙasa, sai ya tsananta bincike a ciki. Wadda ya fi tsoro ita ce mai sheƙi da ta shekara ashirin a akwati. A zafin garin nan man da ke cikinta ya daskare, soson da ke tare haske a bakin murfi ya zama gari.

Kuma ba kowane baƙi ne fenti ba. Wannan ya ɗauke ni shekaru. Akwai baƙin kurom, wanda da lantarki ake ɗora shi kamar yadda ake yi wa ƙarfe ruwan azurfa. Kamfanin Leica na Jamus ya koma gare shi da kyamararsa M5 a 1971. Ya fi fenti jure goga nesa ba kusa ba, amma in ya tsufa toka-toka yake yi a gefe, babu wannan ɗumin na tagulla. Akwai na alminiyam, wanda ya fi yawa a jikin gilasan kyamara: fatar ƙarfen ce da kanta ake rinawa, in ta karce fari fat ke fitowa. Su kuma manyan kyamarorin zamani, irin Canon 5D ta 2005, jikinsu haɗin maganiziyam ne da aka fesa wa fenti, koɗewarsu fari-fari ce mai kama da ƙyasfi. A ganina ba su iya tsufa ba, ko da yake wannan son zuciyar wanda ya tashi da fim ne.

Canon AE-1 ta 1976 ita ta fi yi mini wayo. Na ga launin jan ƙarfe ya leƙo a kusurwar wata baƙa, na ce wa maigida wannan tagulla ce zalla. Ya miƙo mini ita ya ce in ƙwanƙwasa da farce. Murfin samanta roba ce aka lulluɓe da siririn ƙarfe kafin a yi fenti. Kyamara ce mai kyau, amma na daina yanke hukunci da launi kaɗai.

Damagaram ma tana sa nata hannun. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in ka goge ta da busasshen tsumma kai da kanka kake cin fentin, shi ya sa ake fara hurewa kafin a shafa. Gumin bazara na da gishiri. Maratayin fata da dukawan garin nan ke ɗinkawa ya fi na kanti ƙarko, sai dai in ba a sa ɗan ƙyallen fata tsakanin zobe da jiki ba, zoben zai zana rabin wata a gefen kyamara.

Da na fara leƙa intanet na ga masu tara tsofaffin kyamarori a Turai da Japan na zuba kuɗi a kan baƙar Leica da tagullarta ta bayyana, har wasu na goge sabuwa da gangan don ta yi kamar ta sha aiki. Ba a wahalar gane su: sukan goge har inda yatsa ba ya kaiwa. Na nuna wa maigida a waya, ya tsufa lokacin, ya yi dariya har da tari.

Nikon ɗin tana hannuna yanzu, shi ya ba ni da zai bar shago. Fentina duk ya zube, in ban da wani ɗigo a lungun da ke ƙarƙashin abin jan fim, inda hannun kowa bai taɓa isa ba.