Dirhami biyu, tabo ɗaya

Asabar, bayan isha'i.

An ɗauke wuta tun magariba, da fitilar caji nake wannan rubutu. Ga su nan a gabana kan tebur, su biyu, a kan farar takarda. Na rasa inda zan kai su.

Da hantsi wani abokin ƙanena da ya sauka daga Jamus shekaranjiya ya kira ni, ya ce in zo Gyaɗi-Gyaɗi in karɓi saƙo. Wata huɗu ke nan ina jiran wannan kira. Ko karyawa ban tsaya yi ba, uwargida tana cewa kunun zai huce, na ce ya huce. Ɗan ƙaramin ambulan ne ya miƙo mini, har yana tambaya wai magani ne? Na ce tarihi ne. Ya yi dariya, ni ma na yi, ina jin kaina kamar wanda aka ba ajiyar baitulmali.

Abin ya samo asali ne daga aji. Duk shekara idan muka zo babin zakka a Islamiyya nakan ce nisabin azurfa dirhami 200 ne, na zinariya dinari 20, in lissafa musu giram wajen 595 da giram 85, su rubuta, a wuce. Bara wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai shi dirhamin ya yake? Kamar kwandala?" Na tsaya. A kowane ɗaurin aure muna jin rubu'u dinari, mun haddace cewa mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu shi ne wannan ko dirhami uku, amma ni da nake koyarwa ban taɓa riƙe ko ɗaya a hannu ba. Daren nan na shiga intanet, kuma a nan na ga ashe gwanjonsu ake yi. Gwanjo na ainihi nake nufi, na wa ya fi taya, ba na riguna ba.

Wanda ya kama idona dirhamin Banu Umayya ne. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan shi ya kawar da hotunan sarakunan Rum da Farisa daga kan kuɗi, ya fito da dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan hijira, dirhami ya biyo baya a 79. A tsakiyar fuska ɗaya kalmar tauhidi, a ɗaya fuskar Ƙulhuwallahu, a zagayen baki kuma an rubuta da sunan Allah an buga wannan dirhami a gari kaza, shekara kaza. Mafi yawansu a Wasiɗ aka buga, garin da Hajjaju ɗan Yusuf ya gina tsakanin Kufa da Basra. Nawa an ce na Wasiɗ ne, shekara ta 95, zamanin Walid ɗan Abdulmalik. Mai sayarwa ya rubuta cewa daga cikin tarin kakansa da ya rasu ya fito. Yanzu da nake tunani, kakannin masu sayarwa a wannan shafi duk sun rasu, kuma duk sun bar tari.

Ƙanena ne ya taya a madadina, muna kan WhatsApp. Saura minti biyu a rufe wani ya dinga ɗora mana, mu ƙara ya ƙara, har muka tsaya a Yuro 41 ya janye. Na kwana ina murnar na kayar da wani. Bayan sati biyu na ga irinsa wajen wani mai sayarwa daban, wanda ya ce a wata ƙasa yake, na ce a ɗauko shi ma, Yuro 35. Ɗaya na ajiya, ɗaya na zagayawa hannun ɗalibai. Suka zauna a aljihun tebur ɗin ƙanena ana jiran mai zuwa gida.

Ban wuce gida ba, na biya cikin gari wajen wani tsohon maƙerin fari da ke kusa da Kurmi, wanda shi ya yi wa iyayenmu mata awarwaro da zobba. Niyyata ya yi wa na ɗaliban ɗan gida na azurfa, kada hannu ya cinye rubutun. Gwaji bai ma zo mini a rai ba. Har na ɗauko liyarin marigayiya kakarmu, tsohon kuɗin azurfa na Turai, a aljihu don in nuna masa irin zoben da nake so a kewaya masa.

Na zazzage su a tafin hannunsa. Bai ce komai ba. Ya ɗan jijjiga hannun kamar mai auna gero, ya ɗauki ɗaya ya sake shi a kan dutsen da ke gabansa. Ƙwas. Ya ɗauki liyarin ya sake. Wannan kuwa sai da ya yi ƙara doguwa, siririya, tana tafiya kamar ba za ta tsaya ba.

"Malam, nawa ka saya?"

Na ce, "Baba, tsoho ne fa. Ya fi shekara dubu da ɗari uku. Ƙila daɗewa ce ta kashe masa murya."

"To," in ji shi. Irin "to" ɗin da manya ke yi wa yaro.

Ya jawo ɗan sikelinsa na gwal. Ni na riga na faɗa masa da bakina, cikin alfahari, cewa dirhamin nan giram uku ne ba kaɗan, ana cewa 2.97. Na farko ya nuna 3.6. Na biyu ma 3.6. Na ce ai gara ya fi da ya gaza. Ya ce a'a, abin da ya yi yawo a hannun mutane raguwa yake yi, ba ya ƙiba. Sannan ya miƙo mini gilashin da yake duba duwatsu da shi, ya juya kuɗin a tsaye ya ce in dubi bakinsa. Akwai wani siririn layi da ya zagaye gefen, an bi shi da magagari an goge amma bai ɓace ba. A kan fuskar kuma, tsakanin haruffa, ƙananan ramuka kamar fatar lemo, wani wuri ɗan ƙurji.

"Wannan zubi ne, ba bugu ba," ya ce. Ya yi mini bayani yadda zai yi wa almajirinsa. Kuɗin da, ɗan faifan azurfa ake ɗorawa tsakanin hatimi biyu na ƙarfe a maka masa guduma, shi ya sa haruffa ke fitowa da kaifi, faifan kuma siriri kamar ganye. Mai jabu kuwa yakan samu na gaske guda ɗaya ya danna a yumɓu ko wani abu mai ɗaukar siffa, gaba da baya, ya haɗa biyun ya zuba narkakken ƙarfe. Inda suka haɗu shi ne layin nan. Iskar da ta maƙale ita ce ramukan. Kuma narkakken ƙarfe ba ya son matsattsen wuri, dole a ba shi kauri, ga inda ƙarin nauyin ya fito. Baƙin tsufan da ya burge ni a hoto kuwa, ya ce da farar wuta ko gwaiduwar dafaffen ƙwai zai yi mini irinsa kafin gobe.

Ban haƙura ba sai da ya goga gefen ɗaya a dutsen gwaji ya ɗiga ruwansa. Azurfa fari-fari take yi kamar madara. Wannan kore ya yi. Jan ƙarfe ne da gauraye, aka yi masa wankan azurfa.

Amma abin da ya fi ci mini rai ni na gano shi da kaina. Yana shirin mayar mini da su na jera su gefe da gefe a kan gwiwata. A saman kalmar tauhidi, ta hannun dama, akwai wata 'yar tsaga a bakin na farko. Na dubi na biyu, ga ta nan, wuri ɗaya, tsawo ɗaya. Ƙarƙashin sunan Wasiɗ akwai ɗan karce kamar na farce. Shi ma ga shi a na biyu. Abin da aka buga da hannu ɗaya bayan ɗaya, ko da hatimi guda ne, ba zai yi tsaga ɗaya da karce ɗaya ba. Uwarsu ɗaya. Masu sayarwa biyu, ƙasa biyu, kaka biyu, tabo ɗaya. Nan take na tuna mutumin da ya dinga ɗora mana a minti biyun ƙarshe, na fara zargin ko shi ma ɗan gidan ne.

Tsohon bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Liyarin ya ɗauka yana juyawa, ya ce wannan ita ce azurfa, irinta nawa ya narkar a rayuwarsa. Giram 28 ta nuna, ba ta yi gardama ba. Abin dariya, ita ma shekarar da ke jikinta ba shaida ba ce. An rubuta 1780, shekarar da sarauniyar Austiriya Mariya Tareza ta rasu, kuma duk wadda aka buga bayan nan wannan shekarar aka ci gaba da sa mata, a Biyana da Landan da Rum da Bombay, har yau ana bugawa. Fatake ba sa karɓar wadda aka canja wa kama, shi ya sa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 wuri 2,500 ake canja ta. Ta kakarmu ƙila ba ta fi shekara ɗari ba. Sai dai ba wanda ya taɓa sayar mata da ita a kan tsufa. Azurfa aka ce, azurfar ce kuma.

A hanyar dawowa na kira ƙanena daga cikin adaidaita. Ya duba, ya ce wa'adin mayar da kaya ya wuce tun suna aljihun teburinsa, mai sayarwa na farkon ma ya rufe shagonsa, na biyun yana nan, kuma yanzu haka akwai dirhamin Wasiɗ na shekara ta 95 a gwanjo. Na ce ya buɗe hoton ya ƙara masa girma, ya dubi saman kalmar tauhidi ta dama. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, akwai tsaga." Ya ce zai kai ƙara wajen masu shafin. Na ce ya kai. Ya ƙara da cewa ashe na gasken ma ba wani tsada suke yi ba a wajen dillalan da ke ba da takardar lamuni, don an buga su da yawa ƙwarai. Wannan maganar da ya bar ta a cikinsa.

Uwargida ba ta ce komai ba sai da na gama cin abinci. Sannan ta tambayi kuɗin a naira, na faɗa, ta ce, "Buhun shinkafa ke nan har da cefane. Malam, kai da kake hana mu cinikin biri a sama." Ban amsa ba. Ta ce in ba ta su ta zubar, na miƙa hannu zan ɗauka, sai na tsaya. Ƙulhuwallahu ce a jiki, in ban da kalmomi biyu na farkonta, da rubutun Kufi marar ɗigo mai kama da na allonmu. Wanda ya zuba su ƙila bai san ko harafi ɗaya ba, amma ya kwafe ta daidai. An ruwaito cewa tun a wancan zamani wasu malamai sun ƙyamaci sa aya a kan kuɗi saboda mai tsarki da marar tsarki duk za su taɓa. Yau na fahimci damuwarsu fiye da yadda na fahimce ta a littafi. Ba na iya jefa su a shara, ba na iya ba yara su yi wasa, narkarwa kuma tsohon ya ce ba su kai kuɗin gawayi ba.

Gobe Lahadi akwai aji da safe, kuma tun makon jiya na yi musu alkawarin za su ga dirhami. Yarinyar nan ba ta mantuwa. Na naɗe su a takarda na sa a aljihun rigar da zan sa, liyarin a ɗaya aljihun. Na kuma aiki yaro ya tambayo maƙwabcinmu mai sayar da turare ko zai ara mini ɗan sikelinsa zuwa azahar.