Sushi, da abin da Dogo ya yi

Asabar

Yau dai an ci sushi, abincin nan na Japanawa na shinkafa da ɗanyen kifi. Masu damuna da "wai har yanzu ba ka ci ɗanyen kifin ba?", to ku kwantar da hankalinku. Na ci, cikina lafiya lau, kuma wallahi da daɗi. Sai dai na dawo ɗaki da wani abu tokare a ƙirjina, kuma ba kifin ba ne.

Da safe ba labari. Wanki. Damina ta kankama a nan Osaka ta Japan, ruwa tun asuba, kayan da na shanya a baranda har yanzu da danshi. Na buɗe babi na uku na rubutun da nake yi, na gyara layi kaɗan, na rufe.

Bayan la'asar muka haɗu a unguwar Umeda, ni da Dogo, Bahaushe ɗan'uwana, da abokinmu ɗan Lahore ta Pakistan. Abokinmu ɗan Japan da muke kira Shiru na tsaye a bakin ƙofar tasha da lema, ya riga mu isowa kamar kullum. Shi ya shirya fitar. Tun makon jiya yake bina da tambaya, me ya halatta, me bai halatta ba, ina ba shi amsa a tsaitsaye, ashe rubutawa yake yi. Muna zama ya zaro takarda daga aljihun riga, naɗin gida huɗu, ya shimfiɗa ta a tebur yana goge ta da tafin hannu. Sunayen abincin shagon ne ya jera da biro, da rubutunsu, da kuma haruffan boko a gefe don mu iya karantawa. Gaban kowanne akwai alama irin yadda suke yi a nan: da'ira ga wanda za mu ci, gicciye ga wanda ba za mu taɓa ba, mai kusurwa uku ga wanda ake shakka. Unagi, wani kifi mai kama da maciji, gicciye, domin romon da ake shafa masa da mirin ake haɗa shi, wato giyar shinkafa mai zaƙi da suke girki da ita. Wainar ƙwai shakka, wasu na zuba mirin, wasu ba sa zubawa. Har layi na daban ya ware wa ɗan Lahore, tunda su Hanafiyya kifi kaɗai suke ci daga cikin abin da ke teku. Mu 'yan Malikiyya ƙofa a buɗe take, hadisin nan na Muwaɗɗa ya ishe mu: teku ruwansa mai tsarki ne, mataccensa halal. Sannan ya lalubo 'yar kwalbar shoyu, wato romon waken soya mai gishiri, daga jaka, mai tambarin halal, sabuwa fil, ko ledar murfin bai ɓare ba. Ta intanet ya yi odarta.

Ku riƙe wannan takardar a ranku.

Shagon irin wanda faranti ke zagayawa a kan bel ne, kana zaune abinci na wucewa ta gabanka, wanda ya yi maka ka miƙa hannu. Launin farantin shi ke nuna kuɗinsa. Kowane tebur da famfon ruwan zafi da gwangwanin garin koren shayi, ka haɗa da kanka. Shiru, wanda a ɗakin gwaji sai a yini ba a ji muryarsa ba, yau bakinsa ya buɗe. Wai wannan dabarar bel ɗin ta garinsu ce. Wani mai suna Yoshiaki Shiraishi ne ya buɗe shago na farko a 1958 a gabashin Osaka, bayan ya ga yadda kwalabe ke tafiya a jere a wata masana'antar giya, shi kuma yana fama da ƙarancin ma'aikata. Amma dunƙulen shinkafa da yankan kifi a kai, wanda duk duniya ta sani, wannan na mutanen Tokyo ne, tun ana kiranta Edo, kimanin shekara 200 ke nan. Na Osaka na asali a akwatin katako ake danne shi, a yanka gida-gida. Yadda ya faɗi "na mutanen Tokyo ne" ɗin ya ba mu dariya duka.

Da salmon na fara. Na ɗan yi fama da tsinken, Shiru ya ce in ajiye, sushi da hannu ma ana ci, ba abin kunya ba ne. Ya nuna min a juya shi, gefen kifin ake tsomawa a shoyu, in ka tsoma shinkafar wargajewa take yi. Na yi bismilla na sa loma ɗaya. Abin da na fi tsoro shi ne ƙarni, kuma babu shi, ko kaɗan. Kifin da sanyi da laushi, da ɗan maiƙo, shinkafar ba sanyi ba zafi, da tsamin ruwan khal da ɗan zaƙi da gishiri. Can sai wasabi, koren yajin da ake sa wa sushi, ya taso. Ba ya zama a harshe irin na barkono, hanci yake bi ya haye ka, hawaye su zubo, kafin ka lalubi ruwa ya wuce. Shiru ya ce yawancin wanda ake bayarwa a irin waɗannan shaguna ba na ainihi ba ne, wata saiwa ce daban ake niƙawa a sa mata kore. Na gasken a ruwan sanyi mai gudu yake tsirowa, a wurare irin su Shizuoka da Nagano, kuma da tsada. Tsakanin faranti da faranti ana cin yankakkiyar citta mai tsami don wanke baki. Tuna ma na ci, ja wur, ya fi salmon tauri. Ɗan Lahore na bin layinsa a takarda da yatsa, yana ci yana gyaɗa kai.

Dogo kuwa shayi yake ta kurɓa. Shiru ya zaɓo masa farantin da ya ce ya fi sauƙi ga baƙo, ya ajiye a gabansa da hannu biyu. Dogo ya ɗauka, ya shinshina, ya sa a baki. Bai tauna sau biyu ba ya jawo tishu ya tofar, ya dunƙule ya ajiye a kan tebur, daidai gefen takardar nan. Ya juyo wajena yana dariya, da Hausa, da ƙarfi:

"Kai, wannan ai ƙazanta ce. Mutane kamar ba su san wuta ba."

Shiru ba ya jin Hausa. Amma fuska ba ta buƙatar tafinta. Ya yi murmushin nan nasu, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce sumimasen, wato "a yi haƙuri". Shi ne ma ke ba da haƙuri. Ya tashi ya yi wa Dogo odar soyayyen dankali da dafaffen jatan lande. Da ya dawo sai ya janye takardarsa a hankali, ya mayar da ita naɗinta, ya sa a aljihu. Daga nan labarin Edo ya ƙare. Aka ƙarasa cin abinci ana maganar ruwan sama.

A jirgin dawowa na kasa haƙuri.

"Yaya, abin da ka yi bai yi ba."

"Me na yi? Dole ne sai na haɗiye abin da raina bai so ba?"

"Ba wanda ya ce ka haɗiye. Amma a gaban mai tuwo ake tofar da tuwo?"

"To ai bai ji me na ce ba."

"Ya gani."

Ya yi shiru har muka wuce tasha ɗaya. Sannan ya ce, kuma a nan muryarsa ta sauka, shi ɗan Yawuri ne, a bakin Kwara ya tashi, tun bai iya tafiya ba yake ganin kifi. Kakarsa banda take yi. A gidansu kifin da bai ga wuta ba ciwo ne, kuma yaro in ya kai ɗanye baki sai ya sha duka. Ya ce yana sa abin nan a baki jikinsa ya ƙi, ba da gangan ba.

Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Kakarsa ta fi mu gaskiya a kan kifin kogi, ɗanyensa na ɗauke da tsutsotsi masu illa. Su kansu Japanawa ba kowane kifi suke ci ɗanye ba. Salmon ɗin da na fara da shi ma, a da ba sa cin sa haka, saboda na tekunsu yana da tsutsa. Mutanen Norway ne suka zo a shekarun 1980 suna tallar nasu na kiwo, suka yi shekaru suna lallashi kafin a karɓa. Don haka ƙyamar ɗanyen kifi ba ƙauyanci ba ne, kuma ban ce Dogo ya so abin da bai so ba. Da ya rufe baki da tishu ya ce "yi haƙuri, ban iya ba", Shiru da kansa zai yi dariya, a wuce wurin. Dariyar ce ta ƙona min rai, da juyowar da ya yi wajena, yana neman in taya shi, mu biyu mu haɗu a cikin harshenmu mu bar mai masaukinmu a waje.

Kuma Dogo ya fi kowa sanin zafin wannan. Kun tuna lokacin sanyi, da ya ɗumama miyar kuka a kicin ɗin sashenmu, wani ya shigo ya toshe hanci ya buɗe taga bai ce uffan ba? Kwana da kwanaki Dogo na maganar. Ya ce an wulaƙanta abincin uwarsa. A ɗaki ya koma cin abinci shi kaɗai. Wa ya same shi daga baya ya ce yana so ya ɗanɗana? Shiru. Ya shinshina daddawar ya ce ai wannan 'yar uwar natto ce, waken da suke ruɓarwa su ci da safe, ya cinye kwano guda yana share zufa. Na tuna wa Dogo wannan a jirgi. Ya kalli taga ya ce, "Wannan daban." Na ce ta ina? Bai amsa ba. A tasharsa ya sauka da "sai da safe" kawai.

Ban san me ya sa abin ya tsaya min haka ba. Wataƙila don mu kaɗan ne a nan, kuma duk wanda ya buɗe mana ƙofa ina jin nauyinsa a wuyana. Mutum ya zauna da dare yana binciken mazhabar da ba tasa ba, addinin da ba nasa ba, don kada mu ci abin da zai dame mu. Ba aikinsa ba ne. Ba wanda ya sa shi.

Na kira Umma, can rana tsaka ce, awa 8 ke tsakaninmu. Na ce mata na ci ɗanyen kifi. Ta yi salati ta ce, "Gas ɗin naku ne ya ƙare?" Ta sa na yi alkawarin shan maganin tsutsa. Auta na ihu daga baya wai in turo hoto. Na tura. Ta ce ya yi kama da alawa.

Wankin dai na shigo da shi, na rataye a jikin ƙofa.

Ɗazu na tura wa Shiru saƙon godiya, na ce abincin ya yi daɗi ƙwarai kuma ina so mu koma in gwada na akwatin katakon. Bai yi minti biyar ba ya amsa. Ya ce ya ji daɗi da na so, amma a ba Dogo haƙuri, laifinsa ne da bai zaɓi wurin da ya dace ba, nan gaba zai fi kula. Na karanta, na sake karantawa, na tura wa Dogo yadda yake ban ƙara ko kalma ba. Ya buɗe. Har yanzu bai ce komai ba.

Gobe bayan azahar zan je ɗakinsa. Akwai sauran kuka da daddawa a wajensa, shinkafar ƙasar nan kuma tuwo take yi mai kyau. Ina so a kira Shiru cin tuwo ranar Juma'a, kuma Dogo nake so ya kira shi da bakinsa.