Abin da na koya a ajin bayan katanga

Ranar da na fara shiga gidan yari da sunan koyarwa, gandiroban da ke bakin ƙofa ya buɗe 'yar gwangwanin kayan lissafi da na zo da ita, ya zare kamfas mai tsini, ya ajiye a aljihun tebur, ya ce in karɓa idan zan fita. Na ce masa, Ofisa, da me zan zana da'ira? Ya ce, Masta, ka nemi zare. Haka na koyar da da'ira shekara huɗu, da zare da guntun alli, ɗalibi ɗaya ya danne bakin zaren a jikin allo, ni ina zagayawa.

Ni malamin ƙaramar sakandare ne a nan Kumasi, haifaffen Aboabo. Wani abokin aiki ya ja ni zuwa wannan aikin sa kai, Laraba da yamma da Asabar da safe, muna shirya fursunoni don jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare, wasu kuma don WASSCE ta gama babbar sakandare, ta masu zaman kansu, wadda kowa ke kira Nov-Dec. Na shiga da tunanin cewa ilimi ne ya yi ƙaranci a wurin, ni kuma na kawo. Ban jima ba na gane cewa ko a cikin ɗaurarrun akwai tsofaffin malamai da akantoci da suka fi ni iya bayani, kuma su ne ke riƙe ajin sauran ranakun da ba na zuwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda za a riƙe da alhaki idan ajin ya mutu.

Na fara karo da yunwa tun kafin in yi karo da jahilci. A lokacin, kuɗin abincin fursuna ɗaya a yini sidi 1 ne da fesewa 80, kuma ya fi shekara goma a haka, alhali farashin gari da wake na ta hawa. Sai a 2025 aka ɗaga shi zuwa sidi 5, lokacin da ɗan majalisarmu na Asawase, Muntaka Mubarak, ya zama ministan cikin gida. Ko sidi 5 ɗin, wanda ya san kuɗin koko da ƙosai a bakin titi ya san iyakarsa. Ajin Laraba da yamma shi ne ya fi wuya. Mutum yana kallon allo, idonsa a buɗe, amma ka san ba ya nan. Na daina fushi da masu gyangyaɗi, na koma sa lissafi mai nauyi ranar Asabar da safe.

Akwai wani matashi, direban trotro ne, wato ƙaramar bas ta haya, kafin ƙaddara ta faɗa masa. Ya bar makaranta tun yana aji biyar na firamare, amma lissafin canji ya zauna masa a ka, kafin in gama rubuta tambaya ya ba da amsa. Rubutu ne matsalarsa. Shekara biyu muka yi muna fama, har ya kai yana rubuta wasiƙa da kansa zuwa ga mahaifiyarsa. An yi masa rajistar jarrabawa, kuɗin ma wata ƙungiyar mata ce ta biya. Saura wata uku, na zo wata Asabar na tarar babu shi. An mayar da shi wani sansanin noma mai nisa, irin wanda ake kai waɗanda wa'adinsu ya kusa cika. A takarda, sassauci aka yi masa. Wanda ya sa hannu a takardar canjin bai san ɗalibi ba ne, domin babu inda aka rubuta hakan a fayil ɗinsa. Littafin rajistar ajinmu wani tsohon littafin rubutu ne da ke cikin jakata.

Na daɗe ina juya wannan abu. Ba mugunta aka yi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don da mugunta ce da na san wanda zan yi wa Allah ya isa. Gidajen yari a Ghana suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, makarantu suna ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, ajin da ke cikin kurkuku kuwa ya zama jemage, tsuntsaye sun ce ba nasu ba ne, dabbobi ma haka. Ana ƙirga mutane sau da yawa a yini, ana ƙirga fensir idan an tashi, amma a shekarun da na yi babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni ina muka kai a manhaja. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Mandela a 2015, sun ce a haɗa karatun fursuna da tsarin ilimin ƙasa gwargwadon iko, don ya ci gaba ba tare da wahala ba bayan an sake shi. Da na karanta wannan layin, direban nan na tuna.

Rashin mai duba aiki ni ma ya lalata ni, kuma wannan laifina ne. Tausayi ya sa na riƙa ba da maki da hannu biyu. Mutum ya yi rabin hanya, in ba shi cikakke, ina cewa a raina ai wahalar da yake ciki ta isa. Sai wata shekara na karɓo takardun gwaji daga makarantarmu, na ba abokin aikina ya duba ba tare da ya san na su wane ne ba. Sakamakon ya kunyata ni. Wani dattijo a ajin, da ya ga makinsa, ya ce, Masta, ashe da can lallashinmu kake yi? Ban sami amsa ba. Hukumar WAEC ba ta san tausayi ba, mai ɗaukar aiki a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, ma haka, ni kuwa na yi ta tura mutane yaƙi da takobin kara.

Shi ya sa shirin da aka yi a Nsawam ya burge ni. Wannan kurkuku na kan hanyar Accra zuwa Kumasi, an buɗe shi a 1960, kuma cunkosonsa ba boyayyen abu ba ne. Jami'ar Cape Coast, ta sashenta na karatu daga nesa, tare da gidauniyar Plan Volta da hukumar gidajen yari, ta buɗe wa fursunoni karatun jami'a a can, har a 2025 mutum 63 suka kammala. Rigar yaye da hotuna ba su dame ni ba. Abin da na duba shi ne sunan jami'ar da ke kan takardar, jami'ar da hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu, wadda aka kafa a 2020, ke sa wa ido kamar kowace. Takardar da ba ta warin kurkuku ita ce mai amfani. Sai dai tambayata tana nan: idan gidauniya ta gaji, wa zai ɗauka? Cocin Pentecost ya gina sansanin fursunoni a Ejura, an buɗe a 2021, abin a yaba. Mu kuma a zango mun fi ganewa kai shinkafa da dabino da azumi, Allah ya ba da lada, amma ban taɓa jin an yi shelar tara kuɗin rajistar jarrabawar fursuna bayan sallar Juma'a ba. Kyauta tana zuwa ranar da mai ita ya ga dama. Albashin malami da kuɗin rajista da littafi kuwa kowace shekara suke dawowa, kuma kasafin gwamnati ne kaɗai ke da irin wannan numfashin. Muna da GETFund, asusun ilimi na gwamnati, tun 2000, ana tara masa kuɗi daga harajin kayan da kowa ke saye, har da uwar fursuna idan ta je kasuwar Kejetia.

Kawuna bai yarda da ni ba, kuma ban raina hujjarsa ba. Wata rana a majalisar shayi ya ce, ɗana, autana bai saci ko allura ba, ya ci jarrabawa, yana zaune a gida don babu kuɗin jami'a, kai kuma kana so a kai wa ɓarawo digiri har ɗaki? Na ce, Kawu, ku yi haƙuri, maganarku gaskiya ce, amma wannan ɓarawon unguwar nan zai dawo, layinmu zai bi. Ya ce wannan ai tsoratarwa ce, ba adalci ba. Mun rabu kowa na kan bakansa. Na ba shi labarin Amurka, inda aka hana fursunoni tallafin karatu na gwamnatin tarayya a 1994, shirye-shiryen jami'a a kurkuku suka durƙushe, sai a 2023 aka mayar da shi gaba ɗaya. Ya ce su Amurka suna da rarar da za su yi kuskure su gyara. Har yau idan na tuna autan nasa, bakina yana yin nauyi.

A shekarata ta ƙarshe na rage surutu a gaban allo, na koma aikin da a da nake ganin na magatakarda ne. Na buga sunayen ɗalibai da ajin kowa da ranar jarrabawarsa, na kai kwafi ofis, na roƙi a maƙala a fayil ɗin kowane ɗaya. Wani ofisa mai kirki ya karɓa, ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa muddin yana wurin. Bayan wata takwas shi ma aka yi masa canjin wurin aiki.

Direban kuwa na gamu da shi bara a tashar Aboabo, yana kiran fasinja. Ya rungume ni, ya hana ni biyan kuɗin mota. Da zan sauka ya leƙo ta taga ya ce, Masta, wannan rajistar da aka yi mini, tana nan ko sai an sake biya? Na ce sai an sake. Ya ce nawa ne yanzu? Na ce zan tambayo masa, na rubuta lambarsa a bayan littafin darasi.